Gwaggo Tana Ɗigar Baƙin Mai

...kuma wai ni za a kalla a ce wa “a kai ta gareji.” Ni. A kai ta wajen wa? Wajen wancan bakaniken da za ka kai masa mota da ciwon kai ya dawo maka da ita da ciwon ciki? Wanda ke kara kunne a bonet kamar likita, ya lumshe ido, ya girgiza kai, ya ce “sai an sauke inji”? Ko taya ce ta yi faci, sai an sauke inji. Ko hon ne ya shaƙe... sai an sauke inji. Allah ya sauwaƙe.

Kwalin nan ya zame. Bayana kan siminti, sanyi yana shiga har ƙashi. Ba komai. Ga ni a ƙarƙashin Gwaggo, motar da ta girmi wasu masu gemu a layin nan, kuma har yau ba ta taɓa kwana a hannun wani ƙato ba. Ni ke mata wanka, ni ke mata magani. Yau ma ni ne.

Roba ce fa. Duk wannan hayaniyar a kan roba. 'Yar zagayayya kamar awarwaron jariri, sil suke ce mata, tana zaune a gaban inji, a wuyan ƙaton ƙarfen nan mai juyawa — karanshaf — aikinta ta tare baƙin mai kada ya fito. In ta tsufa ta bushe sai ta riƙa sakin yawu kamar tsoho mai gyangyaɗi. Shi ke nan ilimin. Shi ne wanda suke ɓoyewa a gareji kamar asiri. Kwana biyun nan kullum na fito da safe sai na tarar da tabo a ƙasa, daidai ƙarƙashin fuli, faifan ƙarfen nan da bel ke hawa, baƙi ƙirin, yana ƙyalli. Na leƙa, na ga fulin ma ya jiƙe. To me ya rage? Sai an kira taro? Na je wajen mai kayan gyara na sayo sabuwa, ga ta nan a aljihun gaba, cikin ledarta, tana jiran ɗaurin aure.

Gwamnati kuwa ta riga ta kafa doka. Matata ke nan — ni na sa mata Gwamnati, tun da ba a yi mata musu kuma ba ta cika alkawari sai na hukunci. Ta tsaya a kaina da safe, hannu a ƙugu. “In ƙanina ya iso motar nan ba ta sauka daga kan jak ba, yarinya da shi za ta tafi. Ba zan sa 'yata a hanya da inji mai zubar da mai ba.” 'Yarta. Kamar a kasuwa ta saye ta ita kaɗai.

Yau ne tafiyar. Makarantar koyon jinya, can nesa, hanyar da sai ka zauna ɗuwawu ya mutu ya farfaɗo. Gobe da safe ake karɓar sababbi. Akwati ya cika, katifa an naɗe, bokiti an ɗaura masa suna. Kuma ni zan kai ta. Ni na kai ta ajin farko a kafaɗa, tana ja mini kunne kamar sitiyari, ni zan kai ta na ƙarshe. Hanya doguwa, daga ni sai ita, ba Gwamnati, ba waya... in ga ko dariyar nan tana nan. Waccan dariyar da take yi har ta riƙe ciki ta faɗo daga kujera. An daɗe. Ban san ranar da aka ɗauke ta daga gidan nan ba.

Ƙanin Gwamnati. Hm. Farin Takalmi.

Yaron da na san shi da majina har leɓe. Lokacin da nake zuwa zance shi ake turowa ya ce “wai tana zuwa,” ya tsaya yana kallon aljihuna kamar akuya ta ga dusa. Yanzu ya zama mutum. Ofis mai sanyi, mota mai sanyi, magana mai sanyi. Takalmi fari tas — a wannan layin namu, da kwatarsa da komai, mutum ya sa farin takalmi, ai ka san ba ƙasa yake takawa ba, zuciyar mutane yake takawa. “Yaya, ai da ka huta, ni sai in kai ta.” Yaya. Yadda yake jan kalmar kamar yana shafa kan maraya. Ka tambaye shi ina inji yake a motarsa, gaba ko baya, sai ya kira wani a waya. Ɗan tsako, samu ka ƙi dangi. Mota tana yi masa magana, wai ƙofa a buɗe take. To wanda sai mota ta gaya masa ƙofa a buɗe take, shi za a ba amanar 'ya?

Taya ta fita. Robar da ke rufe gefe ta fita, da ƙyar, rabin maɓallanta sun karye — su suka sani. Bel... sassauta nan, ja can... fito, ɗan nema. Ya fito. Na zana yadda yake zagayawa a kaina, ba na bukatar takarda.

Ga wayata a jingine da jak, mutumin cikin bidiyon gyara yana ta surutu. Dubi hannunsa. Safar hannu shuɗiya, ko ɗigo babu. Garejinsa ya fi ɗakin haihuwa tsabta. Wai “a hankali sai ka kwance babban notin.” A hankali. Ya ɗauko wata bindigar iska, firrr, noti ya faɗo kamar nunannen mangwaro. Malam, zo nan ka kwanta. Zo ka ga notin da tun da aka haifi motar ba wanda ya yi masa sallama. Rufe mana baki... na kashe shi. Ya je ya koya wa irinsu Farin Takalmi.

To. Babban noti. Shi ke riƙe da fuli, fuli ke rufe da sil. In na juya shi inji gaba ɗaya yake juyawa tare da shi, kamar ka ja mahaukaci rawa. Sai an sa giya, wani ya taka birki da ƙarfi. Wani. Gwamnati? Ta ce hannunta da ruwa. Birki da ƙafa ake takawa, amma hannunta da ruwa.

“Fotokwafi. Zo ki taka wa babanki birki.”

Kakarta ce ta sa mata sunan, ranar da yarinyar ta ɗaure wa wani mai gyangyaɗi igiyar takalmi a ƙafar benci. Ta ce wannan ba haihuwarta ka yi ba, buga ta ka yi a inji. Yanzu ba ta son sunan. Yanzu komai ba ta so.

Daga nan ƙasa ƙafafu kawai ake gani. Duniyar ƙafafu. Ga nata suna zuwa, a hankali, kamar an aike ta gidan makoki. Silifas ɗin nan ruwan hoda... da baƙin tabo a hancin na dama. Ta taka man ke nan. Kullum ina cewa a riƙa kallon ƙasa.

“Baba, da ka bar shi kawai. Kawu ya ce ya taso.”

“Kawu ya taso, ni ma ai ban kwanta don barci ba. Sa giya. Taka. Da ƙarfi, kamar kan maciji.”

Ko murmushi ban ji ba. Ana jin murmushi a murya ai. Ƙofa ta rufe, Gwaggo ta ɗan nutse.

Soket ya zauna a kan noti. Sifana. In ja... babu. In sake... babu. Kamar ina jan gini. Ina bututun nan? Tsohon bututun ruwa da Gwamnati ta so ta ba 'yan gwangwan, na ce a bar shi, wata rana zai yi rana. Ga ranar. Na zura shi a hannun sifana, ya yi tsawo kamar sandar —

Sanda. Wayyo, ranar nan. Ranar ziyarar iyaye a makarantarsu ta kwana. Layin motoci a bakin get, kowa ya sha kunu kamar an zo karɓar gawa. Na ce bari in wanke wa mutane zuciya. Baƙin tabarau a ido, na sauke gilashi, na fito da sanda ta taga ina taɓa ƙasa, ƙwas, ƙwas, mota tana tafiya a hankali. Na tsaya daidai maigadi na ce, “Bawan Allah, taimaka wa makaho, nan ne makarantar 'yan mata ko na wuce?” Mutumin nan ya saki littafinsa ya haye katanga. Katanga fa, da girmansa. Wata mata ta tuntsire da dariya har ɗankwali ya faɗi. Har yau in na tuna... Ita kuma tana tsaye can da ƙawayenta, ta juya baya. Na yi hon, na kira, Fotokwafi, Fotokwafi. Sai da kowa ya watse ta zo. Ta karɓi kayan ta ce an gode. An gode — kamar ɗan aike. Kunya ce ta 'yan mata, na ce. Shekaru ne. Zai wuce.

Ja. Ja, ɗan tsohuwa. Ƙafa a jikin taya ta baya, haƙora a cije... kai noti, uwarka ƙarfe ubanka ƙarfe, ni kuma taurin kai na gada... 

Ƙas.

Ya saki. Ya saki, har da fatar yatsuna ya tafi. Jini. Ba komai, jini ai shi ne sa hannu. Farin Takalmi ya taɓa zubar da jini a kan wani abu? Ko reza ba ta yanke shi, wani ke yi masa aski.

“Shi ke nan, sauka. Babanki ya kayar da shi.”

Ƙafafun suka sauko. Suka tsaya. Sun daɗe a tsaye, yatsu suna motsi a cikin silifas. Sai suka juya. To. A je a ƙarasa kwalliya.

Fuli yanzu. Ba a dukansa, lallashi yake so. Nan kaɗan, can kaɗan, kamar cire haƙorin yaro. Wancan bakaniken da guduma zai hau shi, ya fasa, ya ce dama a fashe yake. Hannuna duk ya yi baƙi, fulin sai santsi... man nan ya yi kauri, kai. Kamar na ranar Mai Kemis.

Mai Kemis. Allah ya jiƙan kwanciyar hankalinsa. Maƙwabcinmu na da, mai sayar da magani, ya sayi sabuwar mota ya hana layi sakat. Goge ta safe, goge ta yamma, yara su wuce ya ce kada inuwarsu ta taɓa fenti. Na ce to. Na samo gorar ruwa, na cika ta da tsohon man janareto, na huda murfin da ƙusa. Nan ne gwanintar take — wawa shi ke kwarara mai a ƙasa kamar an yi ɓari, kowa ya gani ya san hannu ne. A'a. Ɗigo-ɗigo. Wuri ɗaya. Ka bar shi ya yi kamar ya kwana yana sauka. Sannan ka sa yatsa ka shafa kaɗan a jikin fuli, don ko bakanike ya leƙa ya rantse. Mutumin nan sai da ya zagaye garejin garin nan kaf. Aka canza masa wannan, aka canza masa wancan, ya rame, ya daina goge mota, ya fara gaisawa da mutane. Magani na ba Mai Kemis, kyauta. Kuma hannuna ba ya shiga ƙarƙashin motar, ta yi ƙasa da yawa, sai da na samu mai ƙaramin hannu. Tana 'yar mitsitsiya lokacin, haƙoran gaba babu. Ta rarrafa ta shiga, ta fito tana toshe baki kada dariya ta tona mu. “Baba, na shafa a fuli.” Na ce Allah ya yi miki albarka, kin gama makaranta.

Wannan yarinyar. Ina take?

Fito... fito... yauwa. Fuli a hannu, nauyi kamar kan sa. A ajiye shi kan tsumma. Inuwar katanga ta fara tsallako tsakar gida, ba lokacin tsayawa kallo. Ga sil ɗin can, baƙin zobe a cikin raminta. Sukudireba ba zai shiga ba sai ya karce ƙarfe, in ya karce kuwa an gama, har abada za ta riƙa zuba. Dabara: ƙaramar ƙusa mai zare. A huda robar, a murɗa, a murɗa, ta kama... filaya... ja. Wa ya koya mini? Ba kowa. Wanda bai yi dogon karatu ba ai dole kansa ya yi dogon tunani. Su masu takardu —

Ta fito. Ga ta, da ƙusa a cikinta kamar kifi a ƙugiya. Tsohuwar banza, kin ci amanar —

Laushi.

Tsaya. Me ya sa take da laushi? Na matsa ta, ta dawo. Leɓenta lafiya lau, ba tsaga, ba bushewa, 'yar wayar da ke ciki tana nan daram. In ban da hujin da na yi mata yanzu da hannuna, wannan ai... Ina tocila? Haska ramin. Ƙura. Busasshiyar ƙura, ja, ta shekara da shekaru, har da gizo-gizo ya yi ɗaki a gefe. Inda mai ke bi ai ba ya barin ƙura. Inda mai ke bi sai ya wanke hanya, ya yi layi har ƙasa. Babu layi. Ko alama.

To daga ina...?

Fulin. Juya shi. Bayansa, wanda ke kallon sil, a bushe kamar tafin maroƙi. Gabansa, wanda ke kallon waje, shi ne ya jiƙe. Mai ya fito daga inji, ya tsallake baya, ya zagayo ya zauna a gaba? Yana da ƙafa? Kuma ba feshi ba ne irin na abin da ke juyawa. Shafa ce. Ga sawun nan inda hannuna bai goge ba... siraran layuka, a jere. Yatsuna ba su kai wannan sirantar ba ko a mafarki.

A'a. Wani ɗan iskan layi ne. Mai Kemis ya tashi tun tuni... ɗan mai shago? Wannan ko ƙwai aka ba shi ya fasa sai ya nemi taimako. Farin Takalmi? Shi ya durƙusa? Ya taɓa baƙin mai? Gara a ce mini kaza ta yi fitsari. Get kuma a kulle yake kwana, makulli a wuyan Gwamnati.

Shinshina. Fetur-fetur, ƙauri-ƙauri. Man janareto. Ni da na juye wa Gwaggo sabon mai satin nan saboda tafiyar, ja garau kamar zuma — yaushe zuma ta zama kwalta a kwana biyu? Ina idona yake? Ina hancina? Mai dokar barci...

Fita. Gwiwa, yi haƙuri. Bonet. Zaro sandar awon mai, goge, mayar, zaro. Cike. Har bakin layi, ko cokali bai ragu ba. Abin da yaro ɗan koyo zai fara dubawa. Ban duba ba. Na ga tabo na ce na gane, don ni ne gwani, ni ne wanda ba a yi wa.

Bayan ɗaki, inda janareto yake. Ba na son in je. Ƙafata ce ke zuwa, ba ni ba. Galan ɗin tsohon mai... an matsar da shi, ga zoben inda yake zaune da. Bayan bulo, an tura da kyau, amma ba da kyau sosai ba: gorar ruwa, rabi, baƙa. Murfi shuɗi. Huji ɗaya a tsakiya, na ƙusa, tsaf, ba ƙato ba, ba ƙarami ba.

Ɗigo-ɗigo. Wuri ɗaya.

Hancin silifas na dama.

Kai... aiki ya yi kyau. A faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Ba ta yi gaggawa ba. Ranar farko kaɗan, kamar kwabo. Washegari ya ɗan faɗaɗa. Ta bar ni na gano da kaina, ta bar uwarta ta tayar da hankali da kanta, ita ko uffan. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ta ma fi ni, ni da sai na tsaya a taga ina leƙen Mai Kemis ina cizon hannu. Ita ta zauna ta taka mini birki. Ta taka da ƙarfi kuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe — ga shi ta yi rarrafen ma, har ƙarƙashin motata, da girmanta, da asuba, cikin sanyi, ta ɓata hannun da za ta je ta riƙa sa wa farar safa.

Don me?

Kada ka tambaya. Ka sani.

Ba ta yi don dariya ba, shi ne abin. Ni duk abin da na yi a duniya don a yi dariya ne. Ita ta ɗauki kayan aikina ta yi abin da ba dariya a cikinsa. Ta zauna ta auna: get ɗin sabuwar makaranta, sababbin fuskoki, ba wanda ya san ta, ba wanda ya taɓa jin Fotokwafi. Sai ga Gwaggo tana tari, ƙofar baya ɗaure da waya, ga uban da ba a san abin da zai fito da shi daga aljihu ba. Tabarau? Sanda? Ƙadangaren roba?

...Yana cikin aljihun motar. Ƙadangaren. Jiya na saka shi. Na ce ko da mai rajista za ta cika shan ƙamshi.

Da ta faɗa mini mana. Baki gare ta. “Baba, ba na so ka kai ni.” Sai in ce me? Sai in kama ƙirji in faɗi ƙasa in yi kamar na suma, in leƙo ido ɗaya. Na san ni. Ita ma ta san ni. Ta yi mini magana da yaren da nake ji, shi ke nan. Ta ma rufa mini asiri — mota ce ta lalace, ba uban ba. Kowa zai ce ayya, Gwaggo ta tsufa. Ta bar mini ƙofar fita, ni kuma na ɗauko bututu na karya ƙofar.

Wanzami ba ya son jarfa, ko? Ashe haka take da zafi. Mai Kemis, ashe haka... a'a, kai naka daban, kai ka cancanta.

Mayar da gorar. Yadda take, bayan bulo, murfi yana kallon bango. Kada ta san an taɓa.

Koma ƙasa. Ko ba komai yanzu dole a sa sabuwar, tsohuwar na kashe ta da hannuna, lafiyayya, ba ta ci ba ba ta sha ba. Yaga leda. Ga ta, sabuwa, tana ƙamshin shago. A shafa mata ɗan mai a leɓe don kada ta shiga a bushe. A goge wuyan ƙarfen. A daidaita ta, a tura da babban yatsa, ko'ina daidai, sannan a ɗora babban soket a bubbuga a hankali har ta zauna. Fuli, noti, bel, taya. Abin da ya rage bai kai a sha shayi a wanke kofi ba. Na iya. Wallahi na iya. In sauke ta daga jak, in tayar, in bar ta tana kiɗa, in shimfiɗa farin kwali a ƙasa in kira Gwamnati: zo ki nemo mini ɗigo ɗaya. In ga idon Farin Takalmi. In ce masa, ƙanina, ka sha hanya a banza, ga ruwa ka wanke takalmi. Shekara nawa ina jiran in faɗi wannan...

Sai yarinyar ta shiga gaba, ta ɗora jaka a cinya, ta juya fuska ga taga. Hanya doguwa. Daga ni sai ƙeyarta.

Ko kuma in ce notin ya ci zare. In ce mai kayan gyara ya ba ni wadda ba ita ba, ɓarawon banza, dama idonsa bai yi mini ba. Wa zai duba? Wancan? In fito ina zage-zage, in bar shi ya dafa mini kafaɗa da hannun nan nasa mai laushi, “Ayya Yaya, ai ka yi ƙoƙari.” In haɗiye. A gaban matata. Ta ce dama na faɗa. In ɗauki akwati da kaina in sa a but ɗin motarsa da ke buɗe kansa. Wannan shi zai zama wasa mafi girma da na taɓa yi, kuma ba mai dariya, ba mai sani... sai mutum ɗaya. Ko ita ma ba za ta sani ba? In ta leƙa bayan bulo? In ta ga na —

Hon. Wani siririn hon mai ladabi, kamar mai neman izinin tari. Ƙarar get. Muryar Gwamnati ta canza, ta koma ta baƙi, har da 'yar dariya.

Sil ɗin tana rataye a yatsana kamar zobe.

Ƙafafu. Fararen takalma, sun tsaya nesa da tabon, sun san darajar kansu. Na Gwamnati a bayansu. Sai wasu... ba silifas, ta sa takalmin tafiya, baƙi, rufaffe. Sun wuce na kawun. Sun zo har bakin kwali. Sun tsaya daidai kan tabon, a tsakiyarsa, kamar mai son ta rufe shi da tafin ƙafa.

Gwiwarta ta lanƙwasa. Gefen mayafi ya taɓa siminti.

“Baba... ya ake ciki?”

A hankali ta faɗa, ba don su ji ba. Kuma akwai wani abu a muryar, can ƙasa — tsoro ne, ko kuwa dariyar nan ce take dannewa da hannu kamar ranar Mai Kemis? Ba na iya rabewa. Ni da nake jin murmushi a murya.

Soket a dama. Roba a hagu. Ƙasan Gwaggo a saman fuskata, a bushe ƙamas, ko ɗigo...

Bari dai in ɗan kwanta tukuna. Simintin ma ya daina sanyi.